Takalmin gudu: yadda za ka zaɓa, da yadda za ka koma mai siririn ƙasa alhali kana shirin tsere

Duk wanda ya saba fita bayan sallar asuba a Birnin Kebbi, ya bi ta wajen filin wasa na Haliru Abdu ko ya miƙe hanyar Kalgo, ya san ba a rasa masu sassarfa. Ni ƙafafunsu nake kallo. Wani da kambas na gwanjo da ya yi masa yawa, wani da but na ƙwallo yana ƙwaras-ƙwaras a kan kwalta, wani da takalmin roba irin na makiyaya. Yawancinsu samari ne masu shirin gwajin shiga soja ko ɗan sanda, sai 'yan tsirarun da suka sa wa ransu tsere na sosai, ko na kilomita 10 da ake yi a Okpekpe ta jihar Edo, ko gudun famfalaki na Legas da aka fara a 2016.

A 'yan shekarun nan wata magana ta shigo musu ta waya, wai takalmi mai soso kashe ƙafa yake yi, gara mai siririn ƙasa wanda da kaɗan ya fi tafiya ba takalmi. Wani yaro da muke gudu tare ya ce mini, "Malam, mu da munka tashi ƙafa ƙasa, mi za mu yi da katifa ga ƙafa?" Rabin maganarsa gaskiya ce. Ɗaya rabin ne ya taɓa kwantar da ni kusan wata biyu, zan zo kansa.

Abin da ya bambanta takalmi da takalmi

Ka manta da launi da tambari. Ka ɗauki takalmin ka duba kaurin ƙasansa, wato yawan soson da ke tsakanin tafin ƙafarka da ƙasa. Sannan ka duba abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: yadda diddige ya fi gaba tudu. A takalmin gudu na yau da kullum bambancin yakan kai milimita 8 zuwa 12. A mai siririn ƙasa kuwa bai wuce 4 ba, wani ma babu sam, diddige da yatsu a layi ɗaya suke. Wannan 'yar tazarar da ba ta kai faɗin farce ba ita ce uwar zancen. In ka cire ta, agara da sha-raɓa sai sun ƙara miƙewa a kowane taku, kuma mai gudu yana taku wajen dubu a kilomita guda.

Sai ka lanƙwasa shi da hannu. Na gudu mai kyau yana lanƙwashewa daidai gindin yatsu, ba a tsakiya ba. Mai siririn ƙasa na gaskiya za ka iya naɗe shi kamar tabarma. Nauyi ma abin dubawa ne, don an auna an ga duk ƙarin giram 100 a takalmi yana ƙara wa mai gudu kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfin da yake ƙonawa. A kilomita biyu ba za ka ji ba. A kilomita 42 za ka ji.

A gaban mai takalma

Ka je kasuwa da la'asar, ba da safe ba. Ƙafa tana ɗan kumbura da yini, haka take yi kuma in gudu ya yi nisa, to gara ka auna ta a lokacin da ta fi girma. Ka tafi da safar da za ka riƙa gudu da ita.

Kada ka dogara da lamba. Takalman da ke shigo mana wasu da lambar Turai suke, wasu ta Ingila, wasu ta Amurka, kuma 43 na wannan kamfani ba lallai ya zama 43 na wancan ba. Dabarar da ta fi: kafin ka fito, ka taka kwali a tsaye, wani ya zagaye maka ƙafafu biyun da biro, ka yanke wadda ta fi girma. A kasuwa ka zaro shimfiɗar cikin takalmin ka ɗora kwalin a kai. In kwalin ya leƙo ta gefe, ajiye, ko da kyauta aka ba ka. Mu da muka girma cikin silifas ƙafarmu faɗi gare ta a gaba, yatsu a baje, takalma da yawa kuwa tsukakken baki gare su.

In ka sa, ka miƙe tsaye, ka tabbata akwai faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmin. Na ce mafi tsawo, don a wasu mutane na biyu ya fi babban. Diddige kada ya riƙa zamewa in ka ɗaga ƙafa. Ka ɗaure igiya sosai, ka ɗan yi sassarfa a gaban rumfar ko da mutane za su yi dariya. Mai takalma zai ce maka, "Alhaji, wanga shi ad daidai da kai, in ka sa shi kwana biyu shina buɗewa." Takalmin fata ne ke buɗewa. Na gudu in ya matse ka a kasuwa, a hanya farcenka zai baƙanta.

Akwai wata tsohuwar shawara da za ka gani ko'ina, wai ka jiƙa ƙafa ka taka ƙasa, in tafinka shimfiɗaɗɗe ne ka sayi iri kaza, in mai rami ne iri kaza. Sojojin Amurka sun gwada wannan a kan dubban sababbin kurata, aka ba wasu takalmi bisa siffar tafinsu, wasu aka ba su iri ɗaya, kuma raunin da aka samu bai bambanta ba. Saboda haka kada shimfiɗaɗɗen tafi ya tayar maka da hankali in ba ya maka ciwo. Ka gwada ƙafa uku ko huɗu, wanda ka ji kamar babu komai a ƙafarka, ba inda yake dannawa ko gogawa, shi ne naka.

Gwanjo kuwa sai an yi masa kallon tsanaki, don mafi yawanmu nan muke saye, kuma sau da yawa gwanjo na asali ya fi sabon jabu. Matsalar ita ce soso yana mutuwa saman yana nan fes. Takalmin gudu yakan yi kilomita 500 zuwa 800, wanda ya sayar da shi kuma bai rubuta maka nawa ya ci ba. Ka ajiye shi a kan benci ka tsuguna ka kalle shi ta baya: in ya karkata gefe ɗaya, ya ɗauki takun mai shi na farko, zai koya maka shi. Ka danna soson da yatsa ta ciki, mai rai yana dawowa, matacce kamar busasshen burodi yake. Ka duba gefensa, in ya yi tamoji da yawa ya gaji. Ka ja ƙasan ka gani ko gam ya fara saki, don wanda ya daɗe a dila yakan rabu biyu a makon farko cikin zafinmu.

But na ƙwallo a bar shi a fili. A kan kwalta ƙusoshinsa tafin ƙafa suke ci.

Daga ina zancen siririn takalmi ya fito

Kowa da Abebe Bikila yake kafa hujja, ɗan Habasha da ya ci gudun famfalaki na Olamfik a birnin Rum a 1960 ba takalmi, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Ba a cika ƙarasa labarin ba: a Tokiyo a 1964 ya sake ci, da takalmi a ƙafarsa, ya kuma rage fiye da minti uku. Ana kuma kawo mutanen Tarahumara na Meziko masu gudu cikin duwatsu da takalmin da aka yanko daga tsohuwar taya, irin dai wanda iyayenmu ke zuwa gona da shi.

A 2010 Daniel Lieberman na jami'ar Harvard ya fitar da bincike a kan masu gudu a Kenya da Amurka, ya nuna waɗanda suka saba gudu ba takalmi sun fi sauka a kan gaban ƙafa ko tsakiyarta, kuma dukan farko da ƙafa ke sha ya fi sauƙi. Bai tabbatar da cewa sun fi tsira daga rauni ba. Bayan shekara uku wasu suka duba mutanen Daasanach na arewacin Kenya, su ma ba sa sa takalmi, aka tarar yawancinsu a diddige suke sauka in suna sassarfa. A 2013 kuma aka bi wasu masu gudu a jami'ar Brigham Young mako goma suna komawa takalmin Vibram mai yatsu biyar: cikin 19, goma hoton asibiti ya nuna ƙasusuwan ƙafarsu sun fara jigata. A 2014 kamfanin Vibram ya yarda ya biya dala miliyan 3.75 don a kashe ƙarar da aka kai shi kan alƙawuran lafiya da ya yi a talla. Yanzu ma manyan 'yan tsere sun koma ɗaya ɓangaren, soso himili guda, har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta sa doka a 2020 cewa ƙasan takalmin tseren hanya kada ya wuce milimita 40.

Abin da na fahimta daga duk wannan: siririn takalmi ba ya rage kaya, wurin ɗaukarsa yake sauyawa. Yana sauke wa gwiwa, ya ɗora wa agara da sha-raɓa da dogayen ƙasusuwan nan biyar na saman ƙafa. Mai fama da gwiwa zai iya jin daɗinsa. Yana ƙarfafa ƙananan tsokokin tafin ƙafa, ba shi da nauyi, ba shi da soson da zai mutu. Amma ba wajibi ba ne. In kana gudu lafiya da abin da ke ƙafarka, ba wanda ya aike ka.

Wasu kuma kada su soma sai sun ga likita: mai ciwon suga, musamman wanda ƙafarsa ta fara rashin ji, da wanda ƙashin ƙafarsa ya taɓa tsagewa, da mai ciwon agara ko ciwon diddige na safe a halin yanzu, da mai jiki sosai wanda yanzu ya fara gudu.

Abin da ya same ni

Na sayi nawa saura mako takwas tsere. Na ce ai ni ɗan ƙauye ne, na yi kiwo da noma ƙafa ƙasa. Ranar farko na yi kilomita takwas a kwalta, jiki shafal, har ina ganin na yi sauri. Washegari na sauko daga gado na kasa dire diddige, sujada ma sai da dabara. Na ce tsami ne, na ci gaba. A mako na uku wani wuri a saman ƙafata, bayan yatsa na biyu, ya fara zafi, wurin bai fi kan yatsa ba, in na danna har cikin kaina. Hoto ya nuna ƙashin ya tsage. Tseren a waya na kalle shi.

Kuskurena shi ne kuskuren yaron nan. Ƙafar da ta yi yawo a yashin ƙauye shekara ashirin da suka wuce, ta kuma yi shekaru a cikin takalmi da kan babur, ba ita ce ta da ba. Kuma tafiya daban, gudu daban: a gudu kowace ƙafa tana karɓar ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinka. Huhu da zuciya suna sabawa cikin makonni, tsoka ta biyo baya, agara da ƙashi kuwa watanni suke so. Numfashinka zai ce maka ƙara, ƙashin bai ce komai ba sai ya tsage.

Yadda ake sauyawa

Mako biyu na farko babu gudu da shi ko taku ɗaya. Ka sa shi ka je masallaci, ka je kasuwa, minti ashirin zuwa talatin a rana, kana ƙarawa. Gudunka ka ci gaba da shi da tsohon takalmi.

A lokacin ne za ka fara gina ƙafar. Ka tsaya a bakin dakali da gaban ƙafa, ka ɗaga diddige sama, ka sauke shi a hankali har ya wuce bakin dakalin, kana ƙirga uku wajen saukowa. Sau 15, zagaye uku, kwana uku a mako. Da ƙafa biyu tukuna, daga baya ɗaya, wani zagayen da gwiwa a miƙe, wani a ɗan tanƙware. Ka shimfiɗa tsumma a ƙasa ka riƙa jawo shi da yatsu. Ka tsaya da ƙafa ɗaya kana asuwaki. In ba ka iya ɗaga diddige da ƙafa ɗaya sau 20 a jere ba tare da ciwo ba, lokacin gudu da siriri bai yi ba.

Mako na uku da na huɗu: ka yi gudunka mai sauƙi da tsohon takalmi, a ƙarshe ka canja ka yi minti biyar da sabon, a fili mai ƙasa, sau biyu a mako, da hutun kwana biyu a tsakani. Minti biyar ɗin zai ba ka kunya. Ka tsaya duk da haka.

Daga nan ka riƙa ƙara minti biyu ko uku a mako, in safiya ta waye maka lafiya. Kowane mako na huɗu kada ka ƙara komai. Wajen wata na uku za ka kai minti 20 zuwa 25, lokacin ne za ka iya ba shi gajeren gudu ɗaya cikakke a mako, ka fara ɗanɗana masa kwalta. Dogon gudu da atisayen sauri su ne na ƙarshe, kuma wata shida ba ta yi yawa ba kafin su. Wanda takalminsa ke da tudun milimita 10 ko 12, ya fi masa ya ya da zango a mai 6 ko 4 kafin ya sauka ƙasa gaba ɗaya.

Game da taku, kada ka tilasta wa kanka gudu a kan yatsu kamar mai sanɗa, wannan ne ke kashe sha-raɓa. Ka bar diddige ya sumbaci ƙasa bayan gaban ƙafa ya sauka. Abin da za ka gyara shi ne tsawon taku: ka gajarta shi, ƙafa ta sauka kusa da ƙarƙashin jikinka, ba can gaba ba. Ka ƙirga sau nawa ƙafar dama ke taka ƙasa cikin rabin minti, ka ninka huɗu. In ka sami ƙasa da 160, ka ɗan ƙara yawan takun kaɗan-kaɗan. Kunnenka ma malami ne: in kana jin fat-fat, dukan ƙasa kake yi.

In akwai tsere a gabanka

Ba a tauna taura biyu lokaci guda. Shirin tsere yana nufin kana ƙara kilomita kowane mako, sauya takalmi kuma ƙarin kaya ne na daban a kan ƙashi ɗaya. Makon da ka ƙara nisa, kada ka ƙara mintin siriri. Makon da ka ƙara mintin siriri, nisa ya tsaya inda yake.

In saura ƙasa da wata uku, ka yi tseren da takalmin da ka saba, siririn ya tsaya a yawo da 'yan mintoci bayan gudu mai sauƙi. Mako uku na ƙarshe ka ajiye shi ma. Mai nufin Legas a watan Fabrairu, lokacin sauyinsa damina ce, daga Yuni zuwa Satumba, ƙasa ta yi laushi, zafi ya ragu, kilomitocin shiri ba su taru ba tukuna. Mai nufin Okpekpe ya tuna hanyar tudu ce da gangare, hawa yana jan agara, gangara tana tura yatsu bakin takalmi. Ya nemi hawa a wajen Dukku, nan kusa da Birnin Kebbi, ya gwada takalmin a kai tun da wuri.

Takalmin ranar tsere kuwa, ko wane iri ne, ya zama ka yi dogon gudu biyu ko uku da shi, da safar da za ka sa. Ba a fafe gora ranar tafiya. In hali ya yi ka riƙe ƙafa biyu kana musanyawa, kowanne yana hutar da inda ɗayan ya gajiyar.

Ciwon da ake haƙuri da shi da wanda ba a yi

Tsamin sha-raɓa a ƙafafu biyu, wanda ke sakin ka in ka ɗan taka, ya wuce cikin kwana biyu, wannan kuɗin shiga ne. Agara da ke sandarewa da safe fiye da 'yan mintoci, ko diddige da ke suka a takun farko daga shimfiɗa, gargaɗi ne: ka koma baya mako biyu a jadawalin. Ciwon da za ka iya nuna shi da kan yatsa ɗaya a kan ƙashi, ko kumburi a saman ƙafa, ko wanda ke ƙaruwa kana cikin gudu, ko ya hana ka tsalle da ƙafa ɗaya, ka tsaya cak ka je asibiti. Kada ka kai wa mai ɗori ya murza, ba targaɗe ba ne. Ka sani kuma irin wannan tsagewar sau da yawa ba ta fitowa a hoton farko sai bayan mako biyu ko uku, don haka "hoto bai nuna komai ba" ba izinin komawa gudu ba ne. Kuma kada ka sha maganin kashe zafi don ka samu ka fita.

Ƙasar da za ka taka

Waɗanda suka ƙera siririn takalmi ba su san kwaltar Birnin Kebbi a watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Da hantsi ta riga ta gasu, ƙasan milimita huɗu ko biyar ba ya tare komai, bororo za ka kwaso. A bazara gudu da shi na asuba ne kawai. Da azumi, in ka mai da gudunka dab da magariba ko bayan tarawi, ka taɓa kwaltar da tafin hannu tukuna, tana riƙe zafi har dare.

Yashin fadama yana da daɗin taka, amma diddige yana nutsewa a ciki, agara ta ƙara miƙewa, to ba wurin farawa ba ne. Filin makaranta mai ƙasa a dandaƙe ya fi. Ka zaga shi da ƙafa kafin ka yi gudu, saboda tsidau: 'ya'yansa suna huda siririn roba su kai ga nama, ƙarangiya kuma ta cika safa bayan damina. Gudu ba takalmi sam ban ba da shawararsa a cikin gari ba, ga kwalba, ga ƙusa, ga ƙasa mai damshi da ke ɗauke da tsutsar da ke shiga ta fata. Wanda ƙusa ta soka ya je a yi masa allurar tetanus ranar.

Da hunturu faso ne abokin gaba. Ka jiƙa ƙafa da dare, ka goge kaushin da dutse, ka shafa man kaɗanya ka sa safa ka kwanta. Takalmin kuma in ka wanke ka shanya shi a inuwa, ka cusa masa tsohuwar jarida, kada ka ɗora shi a kan kwano ko ka bar shi a but ɗin mota, rana ɗaya ta isa ta narkar da gam ɗin. Ranar da ka fara gudu da shi ka rubuta kwanan wata a ƙarƙashin shimfiɗar ciki da biro, don in ka yi wata biyar kana kilomita 30 a mako, ka riga ka wuce 600.